Ɗakin Karatu na Oodi

Oodi ɗakin karatu ne na jama'a da ke tsakiyar Helsinki, babban birnin ƙasar Finland. An buɗe shi ranar 5 ga Disamba, 2018, ana gobe ƙasar za ta yi bikin cika shekara 101 da samun 'yancin kai. Reshe ne daga cikin rassan Laburaren Birnin Helsinki, kuma hukumar birnin ce ke ɗaukar nauyinsa daga kuɗin haraji. Ma'anar sunan a harshen Finland ita ce waƙar yabo.

An fi sanin Oodi da yawan hidimomin da yake yi wa jama'a bayan ba da aron littattafai. Ginin hawa uku ne, faɗinsa murabba'in mita 17,250, amma littattafan da ke cikinsa ba su wuce kimanin 100,000 ba, kuma mafi yawansu a hawa ɗaya suke. Sauran wurin an ba da shi ga kekunan ɗinki, ɗakunan naɗar waƙa, sinima, kicin, wurin wasan yara, ɗakunan taro da kuma fili na zama kawai. Kusan duk waɗannan kyauta ne. Ba bisa kuskure aka yi wannan rabo ba: dokar ƙasar ce ta ɗora wa ɗakunan karatu irin waɗannan ayyuka, sannan mazauna birnin da kansu aka tambaya abin da suke so kafin a aza tubali.

Asali

Laburaren Birnin Helsinki ya samo asali ne tun 1860. A 1986 aka buɗe babbar cibiyarsa a unguwar Pasila, wadda ke da ɗan nisa da tsakiyar gari, don haka aka daɗe ana ƙorafin cewa birnin ba shi da babban ɗakin karatu a inda jama'a suka fi zirga-zirga. A 1998 ministan al'adu na lokacin, marubuci Claes Andersson, ya kawo shawarar a gina sabo a tsakiyar birni. Shekara ashirin aka yi kafin maganar ta tabbata.

A tsawon wannan jira, ma'aikatan laburaren sun yi ta gwada sababbin hidimomi a ƙananan rassa. A 1994 suka buɗe wani reshe mai suna Kirjakaapeli, wanda yana cikin ɗakunan karatu na jama'a na farko a duniya da suka ba mutane damar shiga intanet. Irin wannan aiki ne ya sa a shekarar 2000 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba laburaren birnin lambar yabo. A 2005 aka buɗe Kirjasto 10 a ginin babban gidan waya, kusa da tashar jirgin ƙasa. Wannan reshe ya karkata ne ga kiɗa da kwamfuta, yana ba da aron kayan kiɗa, yana kuma da ɗakunan naɗar sauti, sai ya zama matattarar samari, waɗanda a da ba su cika leƙa laburare ba. A 2013 kuma aka buɗe ƙaramin wurin ƙere-ƙere na jama'a a ginin Lasipalatsi. Yawancin abin da baƙi ke gani a Oodi yau suna mamaki, an riga an jarraba shi a waɗannan wurare an ga yadda mutane suka karɓe shi. Da aka gama sabon ginin, an rufe Kirjasto 10, ayyukansa suka koma can.

A 2012 aka buɗe gasar zanen ginin ga masu zane na duniya baki ɗaya. Zane 544 aka shigar, kuma a watan Yunin 2013 aka bayyana cewa wani kamfani na cikin gida, ALA, shi ya yi nasara. Majalisar birni ta amince da aikin a watan Janairun 2015. An kashe kimanin Yuro miliyan 98, gwamnatin ƙasa ta ba da miliyan 30 daga ciki saboda an sanya aikin cikin manyan ayyukan bikin cikar Finland shekara 100 da samun 'yanci. Shugaban ƙasa Sauli Niinistö ya yi jawabi a ranar buɗewa.

Abin da doka ta ce

Finland ta yi dokar laburare ta farko a 1928, kuma tun daga lokacin aka kafa al'adar cewa ba a biyan kuɗi don aron littafi. An sabunta dokar sau da dama. Wadda ake aiki da ita yanzu an zartar da ita a 2016, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2017, a daidai lokacin da ake tsakiyar ginin Oodi.

Dokar ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta samar wa mutanenta hidimar laburare. Ta kuma faɗi manufar yin hakan: kowa ya samu ilimi da al'adu daidai da kowa, a ƙarfafa karatu da iya karatu ta fuskoki daban-daban, mutum ya samu damar ci gaba da koyo har ƙarshen rayuwarsa, sannan a ƙarfafa shigar ɗan ƙasa cikin al'amuran jama'a, da dimokuraɗiyya, da 'yancin faɗar albarkacin baki. Daga cikin ayyukan da ta lissafa wa ɗakin karatu, akwai guda biyu da suka fi shafar Oodi. Na farko, ya samar da wurin koyo, wurin yin abin da mutum ke sha'awa a lokacin hutunsa, wurin aiki da wurin harkokin ƙungiyoyin jama'a. Na biyu, ya taimaka wajen tattaunawa tsakanin ɓangarorin al'umma. Ke nan idan aka ga keken ɗinki ko taron muhawara a laburaren Finland, ba wani ƙari ba ne da shugaban wurin ya ga dama ya yi. Yana cikin abin da majalisa ta ce a yi.

Dokar ta kuma tabbatar da cewa amfani da kayan laburare, da aronsu, da sa a ajiye wa mutum littafin da wani ya ara har ya dawo, duk kyauta ne. Marubuta ba sa asara da wannan tsari, domin gwamnati na biyan su diyya gwargwadon yawan aron da aka yi wa littattafansu, ta hannun wata ƙungiyar kare haƙƙin marubuta mai suna Sanasto.

Yadda aka tambayi jama'a

Tun kafin a zaɓi zanen ginin, ma'aikatan laburaren suka shiga gari suna tambayar mutane irin ɗakin karatun da suke mafarki. An karɓi amsoshi ta intanet da kuma a wuraren bukukuwa, aka tara fiye da 2,000. Abubuwan da suka yi ta maimaituwa su ne wurin da babu hayaniya, wurin da iyali za su zo da yara ba tare da an harare su ba, kayan aiki da mutum ba zai iya saya shi kaɗai ba, da kuma wurin da mutane za su koya wa junansu abin da suka iya.

A 2012 an ware Yuro 100,000 aka ce mazauna birnin su yanke shawarar gwajin da za a kashe kuɗin a kai. Wannan yana cikin karon farko da aka gwada irin wannan tsari na kasafi a ƙasar. Daga cikin abubuwan da suka zaɓa akwai wurin ƙere-ƙere da kuma bikin zagayowar ranar haihuwar yara wanda ake shiryawa a kan labarin wani littafi. Daga baya aka kafa wata ƙungiya ta 'yan sa-kai, masu shekaru da sana'o'i daban-daban, waɗanda suka riƙa zama da masu tsara aikin suna gwada shawarwari. Sunan ma ta hanyar gasa aka samo shi, aka bayyana shi a ƙarshen 2016.

Ba duk abin da aka nema aka samu ba. A tsarin farko har da ɗakin wankan zafi na sauna, wanda mutanen Finland ba sa wasa da shi, amma aka cire shi kafin a gama ginin.

Gini

Oodi yana bakin dandalin Kansalaistori, wato dandalin 'yan ƙasa, tafiyar mintuna kaɗan daga babbar tashar jirgin ƙasa. Maƙwabtansa su ne gidan kiɗa na Musiikkitalo, gidan adana zane-zanen zamani na Kiasma da ginin da jaridar Helsingin Sanomat take. Yana fuskantar ginin majalisar dokokin ƙasar kai tsaye. An gina shi ne kamar gada: baka biyu na ƙarfe, masu tsawon fiye da mita 100, su ke ɗauke da nauyin benen, shi ya sa falon ƙasa ba shi da ginshiƙai. An lulluɓe jikinsa da katakon da aka samo daga dazuzzukan ƙasar, hawa na sama kuma gilashi ne kewaye.

A tsakiyar ginin akwai matakala mai murɗewa wadda ta haɗa hawa ukun. A jikinta mai zane Otto Karvonen ya rubuta ɗaruruwan kalmomi da jama'a suka ba da shawara, kowace tana ambaton wani rukunin mutane da aka sadaukar wa laburaren.

Hawa na ƙasa

An tsara hawan ƙasa ne kamar ci gaban dandalin da ke waje, wurin shiga da fita da sauri. Nan ake mayar da littattafai, nan gidan abinci yake, nan kuma ake samun teburan wasan ces, inda mutanen da ba su san juna ba kan zauna su kara. Akwai teburin Helsinki-info, inda ma'aikatan birni ke ba da bayani kan hidimomin hukuma da al'amuran baƙi masu neman zama, cikin harsuna da yawa. Akwai kuma wurin baje koli na Tarayyar Turai.

Babban zauren taro sunansa Maijansali, an sa masa sunan Maija Berndtson, wadda ta daɗe tana shugabantar laburaren birnin kuma ta yi ta fafutukar ganin an yi wannan gini. A nan ake yin laccoci, ƙaddamar da littattafai, hira da marubuta da wasannin kiɗa. Kusa da shi akwai Kino Regina, sinima mai ɗaukar mutum kusan 250, wadda hukumar adana fina-finai ta ƙasa ke gudanarwa. Tsofaffin fina-finai da na ƙasashe daban-daban take nunawa, wasu ma daga ainihin faifan fim na da. Ita kam sai an sayi tikiti.

Hawa na biyu

Wannan hawa ne ya fi jawo wa Oodi suna. Rufinsa ƙasa-ƙasa ne, tagoginsa kaɗan, domin a tsakanin ƙarafan da ke ɗauke da ginin aka kakkafa ɗakunan. Babu kantocin littattafai a nan.

A wurin ƙere-ƙere akwai kekunan ɗinki na gama-gari, da na dace bakin yadi, da na yin ado a jikin tufa. Akwai na'urorin 3D masu ƙera abu da roba daga zanen kwamfuta, na'urar yanka katako da roba da hasken lesa, na'urar yanka sitika, babbar na'urar buga fosta, da teburin gyaran kayan lantarki inda ake haɗa wayoyi da dalma. Mutum zai shiga shafin intanet na birnin mai suna Varaamo ya kama lokaci, ya zo ya yi aikinsa da hannunsa. Ma'aikata ba sa yi wa kowa aiki, sai dai su nuna masa yadda na'urar take, su tsaya kusa idan ya kakare. Amfani da na'urar kyauta ne, abin da ake biya shi ne kayan da aka cinye, kamar takarda ko roba. Ana iyakance sa'o'in da mutum ɗaya zai riƙe na'ura don kowa ya samu.

Abin da ake yi a wurin yawanci ba wani abin a zo a gani ba ne. Wani ya zo rage tsawon wando, wata ta zo ɗinka labule, wani ya ƙera madadin ɗan ƙaramin abin da ya karye a jikin injin wankinsa, ɗalibi ya buga fostar aikin makaranta. Amma hikimar ke nan. A birnin da gidaje ƙanana ne, kuma kuɗin gyara ya kan kusa kai kuɗin sabo, kaɗan ne za su sayi keken ɗinki don aikin da ba ya wuce sau biyu a shekara. Keke ɗaya da aka saya da kuɗin jama'a yana isar ɗaruruwan gidaje, kamar dai yadda littafi ɗaya ke isar masu karatu da yawa. Da wannan hujja ce ma'aikatan laburaren ke kare kansu idan aka ce sun bar aikinsu na asali: a wurinsu aron na'ura da aron littafi duk tafiyarsu ɗaya.

Ɓangaren kiɗa shi ne gadon Kirjasto 10. Akwai ɗakunan atisaye waɗanda sauti ba ya fita daga cikinsu, da ganguna, da fiyano, da situdiyon da mawaƙi zai iya naɗar waƙa ya tace ta har ta kammala. Ana ba da aron jita da wasu kayan kiɗa da katin laburare. Akwai situdiyon ɗaukar hoto da bidiyo, da kwamfutoci masu manhajojin tace su, da na'urorin mayar da tsofaffin kaset da hotuna zuwa tsarin kwamfuta, abin da dattawa suka fi zuwa nema.

Sai ɗakunan wasannin bidiyo, waɗanda 'yan makaranta ke cikawa da zarar an tashi. Sai kicin da rukunin mutane za su iya kamawa don koyon girki ko cin abinci tare. Sai ƙananan ɗakunan aiki da na taro, waɗanda ɗalibai, masu ƙananan sana'o'i da ƙungiyoyin unguwa ke amfani da su. Akwai wani ɗaki mai bangon gilashi da ake kira Kuutio, wanda ake haska hotuna a jikin bangonsa don baje kolin zane. A tsakiyar hawan an yi wasu manyan matakalai na zama, da wuraren cajin waya. Akwai kuma ɗakin karatu guda wanda aka hana magana a cikinsa.

Hawa na uku

Hawa na sama shi ake kira Kirjataivas, ma'ana aljannar littattafai. Fili ne guda babba, mai farin rufi mai lanƙwasa kamar gajimare, haske na shigowa ta ko'ina. An yi kantocin gajeru don kada su tare wa mutum gani. Akwai itatuwa tara masu rai a cikin tukwane, da jaridu da mujallu, da wurin shan shayi, da littattafai cikin harsuna kusan 20. A gabansa akwai baranda mai faɗi wadda ake buɗewa idan sanyi ya sauka. Masu zanen sun daidaita tsayinta da ƙofar majalisar dokoki da ke tsallaken dandali, don nuna cewa mai karatu da ɗan majalisa a matsayi ɗaya suke.

Ƙarancin littattafan bai hana kowa samun abin da yake nema ba, saboda Oodi yana cikin haɗakar Helmet, wadda ta haɗa ɗakunan karatun Helsinki, Espoo, Vantaa da Kauniainen. Kati ɗaya ke aiki a dukkansu, kuma kayan da suka mallaka tare sun haura miliyan uku. Mai karatu zai nemi littafi ta intanet, a kawo masa shi reshen da ya fi kusa da shi, ya kuma mayar a duk reshen da ya ga dama. Wa'adin aron littafi yawanci kwana 28 ne. A cikin Oodi, wasu na'urori uku masu tafiya da kansu ne ke ɗauko akwatunan littattafai daga ƙarƙashin ƙasa, su shiga lifta su kai su sama. An sa musu suna Tatu, Patu da Veera, sunayen taurarin wasu littattafan yara da suka shahara a ƙasar.

Yara da iyalai

Gefe guda na hawa na uku na yara ne. Akwai wurin ajiye kekunan jarirai, ɗakin tatsuniya, da wurin hawa da sauka. Hukumar filayen wasa ta birnin tana da reshe a nan mai suna Loru, inda ma'aikatanta ke shirya waƙe-waƙe da wasanni ga jarirai da iyayensu. Da yake hutun haihuwa a Finland yana da tsawo, kuma uba ma yana da nasa kason, da hantsi wurin kan cika da iyaye maza da mata. A watan Disamba rana ba ta wuce kimanin awa shida a sararin Helsinki, ga sanyi, don haka wuri mai ɗumi da haske wanda ba a biyan kuɗin shiga ba ƙaramin abu ba ne ga mai ƙaramin yaro.

Ana karanta wa yara labarai cikin harshen Finland da na Sweden, waɗanda su ne harsunan hukuma, da kuma wasu harsunan baƙi. Makarantu kan kawo ɗalibai aji-aji, ma'aikaci ya gabatar musu da littattafai ta hanyar ba su somin-taɓin labari ya tsaya a inda ya fi daɗi, ko ya koya musu yadda ake neman bayani da tantance sahihinsa. A wasu rassan Helmet akwai karnukan da aka horar, yaron da karatu ke yi wa wuya ya zauna ya karanta wa kare da ƙarfi, tun da kare ba ya gyara masa kuskure balle ya yi masa dariya. Ba a cin tarar jinkiri a kan littattafan yara.

Wannan ƙoƙari yana da dalili. Finland ce ta zo ta ɗaya a fannin karatu a jarrabawar PISA ta shekarar 2000, amma daga baya sakamakonta ya yi ta raguwa, musamman a tsakanin yara maza.

Baƙi da tsofaffi

Lokacin da aka buɗe Oodi, kusan mutum ɗaya cikin shida na mazauna Helsinki harshen uwarsa ba na ƙasar ba ne. Masu jin Rashanci, Somaliyanci, Larabci da harshen Estoniya suna cikin waɗanda suka fi yawa. Saboda su ake shirya zaman hira na koyon harshe, inda baƙi ke zama da 'yan sa-kai a yi ta taɗi cikin harshen Finland, babu jarrabawa, babu rajista. A cibiyar Pasila kuma akwai sashen harsuna da yawa, wanda gwamnatin ƙasa ke ba kuɗi, yana da littattafai cikin harsuna fiye da 80, kuma ana aika su ko'ina a ƙasar.

Nasima Razmyar, wadda ita ce mataimakiyar magajin gari mai kula da al'adu a lokacin buɗe Oodi, a Kabul aka haife ta, ta zo Finland tana yarinya tare da iyayenta a matsayin 'yan gudun hijira. Ta sha faɗa wa manema labarai cewa katin laburare yana cikin abubuwan farko da ta mallaka a ƙasar.

Tsofaffi kuwa matsalarsu daban ce. Harkar banki, ganin likita da cike takardun hukuma duk sun koma intanet, wanda bai iya ba an bar shi a baya. Laburaren na ba da taimako kan amfani da waya da kwamfuta, kuma wata ƙungiya mai suna Enter tana turo dattawa 'yan sa-kai su koya wa tsaransu, mutum ɗaya da mutum ɗaya. Wanda tsufa ko rashin lafiya ya hana shi fita, akwai sashen da ke kai masa littattafai har gida. Unguwannin da ba su da reshe kuma motocin laburare ne ke zagaya su.

Harkokin jama'a

Yawancin tarukan da ake yi a Oodi ba ma'aikatansa ne ke shirya su ba. Ƙungiyoyi, jami'o'i, masu buga littattafai da ɗaiɗaikun mutane ne ke kawo shawara, laburaren ya ba da wuri, bisa sharaɗin taron ya zama a buɗe ga kowa kuma ba a karɓar kuɗin shiga. Wanda ke son taron sirri a babban zaure sai ya biya haya. Lokacin zaɓe ana yin muhawarar 'yan takara, kuma ginin yana cikin wuraren da ake jefa ƙuri'a kafin ranar zaɓe.

Ƙa'idojin wurin sun fito fili sun ce kowa yana da haƙƙin kasancewa a ciki, kuma zama haka kawai ba tare da yin komai ba halal ne, har ma ana maraba da shi. Ba a tambayar kati a ƙofa. An hana wariya da cin zarafi. Ana buɗewa kowace rana ta mako, daga ƙarfe 8 na safe zuwa dare a ranakun aiki, daga ƙarfe 10 a Asabar da Lahadi.

Muhawara

Tun kafin a fara ginin akwai masu ganin kuɗin ya yi yawa, da masu tsoron cewa za a rufe ƙananan rassan unguwanni don a ciyar da babba. Tsoron yana da tushe, domin an taɓa kawo shawarar rufe wasu rassa a birnin, mazauna unguwannin suka tashi tsaye. Birnin dai ya ci gaba da riƙe rassa fiye da 30.

Bayan buɗewa sai suka ya koma kan yanayin wurin. Wasu masu karatu sun ce littattafan sun yi kaɗan, hayaniya ta yi yawa, kuma abin ya fi kama da wurin shaƙatawa. A watannin farko masu yawon buɗe ido sun yi ta cika hawa na uku suna ɗaukar hoto a kan mutanen da ke karatu. Masu kare tsarin suna amsawa da cewa Oodi bai maye gurbin kowane reshe ba, kuma mai son shiru da tarin littattafai yana da Pasila, da tsohon reshen titin Rikhardinkatu, da Laburaren Ƙasa, duk a cikin gari ɗaya.

Akwai kuma abin da buɗe ƙofa ga kowa ke jawowa a tsakiyar birni. Marasa matsuguni da masu fama da shaye-shaye suna shigowa kamar kowa, kuma jaridun ƙasar sun sha kawo rahoton rigingimu a ginin. Akwai masu gadi, ana kuma aiki tare da ma'aikatan kula da matasa. Aikin ma'aikacin laburare ma ya sauya: wanda ya karanci tsara littattafai yanzu ana sa ran ya iya saita keken ɗinki, ya kuma iya kwantar da rikici.

Karɓuwa

An yi hasashen mutum 10,000 za su riƙa shiga kowace rana, kimanin miliyan biyu da rabi a shekara. A 2019 an ƙirga shiga sau miliyan 3.1, a birnin da mazaunansa ba su wuce 650,000 sosai ba a lokacin. A watan Agustan wannan shekara, a taronta na birnin Atina, ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, IFLA, ta zaɓe shi gwarzon sabon ɗakin karatu na jama'a na shekara. Dokk1 na birnin Aarhus a Denmark ya samu wannan lamba a 2016, Deichman Bjørvika na Oslo kuma ya same ta a 2021, kuma dukkansu tsarinsu ya yi kama da na Oodi.

A watan Maris na 2020 an rufe shi tare da sauran ɗakunan karatun ƙasar saboda annobar korona. An dawo da ba da aron littattafai a watan Mayu, sauran hidimomin kuma suka riƙa dawowa sannu a hankali.